Gwaggo Ta Rasu Kafin Kwamiti Ya Gama Shawara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda tarbiyyar gidanmu ba ta yarda in rubuta sunansa ba, ni Sharifa, jami'ar adana bayanai a Haɗakar Manoman Doya ta Albarka da ke Maikunkele, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da manomanmu dubu uku da ɗari biyu rasuwar babbar kwamfutar ofishinmu, wadda 'yan boko ke kira saba, mu kuwa da muka zauna da ita muke kira Gwaggo.

Gwaggo ta rasu ranar Alhamis da ta gabata, da ƙarfe uku saura minti ashirin na rana, a ƙaramin ɗakinta da ke bayan ofis, bayan jinyar wata biyu. Ta rasu tana da shekara goma sha biyar. Masana sun ce a jinsinta wannan tsufa ne tukuf. Ni dai na san ba tsufa ne ya kashe ta ba, kuma zan faɗi abin da ya kashe ta a inda ya dace cikin wannan sanarwa, ko da kuwa sanarwar ce za ta zama aikina na ƙarshe a ofishin nan.

An kawo marigayiya Minna a shekarar 2010, a bayan a-kori-kura, naɗe cikin bargo saboda gargadar hanya. Wanda ya tarbe ta shi ne Baba Ndatsu, malamin gonarmu, mutumin Bida, Allah ya jiƙansa. Shi ya raɗa mata suna. Ya ce ita gwaggo ce ta gaske, duk abin da ka faɗa mata ba ta mantawa, kuma ba ta kai shi gidan maƙwabta. Daga Litinin zuwa Alhamis yana kan babur, ƙauye zuwa ƙauye, da littafi a aljihun riga da shuɗin biro a bayan kunne. Ran Juma'a da safe ya zauna a gabanta ya riƙa dannawa da yatsa biyu, yana zuba mata duk abin da ya gano. Da na zo aiki bayan shekara huɗu, a kujerar da ke gabanta ya zaunar da ni ya koya mini, kuma bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar da na ajiye kofin shayi a kanta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri. Ta ga ɗauke wuta irin na garin nan, wanda madatsun ruwa suka kewaye jiharsa amma fitilar gidanka ke kwana da yunwa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta sha wutar janareta mai hauka sau biyu ta tashi. Ba ta taɓa neman a saya mata data ba, ba ta taɓa cewa sabis ya ɗauke ba. Kowace safiya idan na taɓa ta, sai ta ce "ɗit", sau ɗaya tak, wato ta kwana lafiya. Daga nan sai ta kama "zuuuu" ɗinta a hankali har a tashi aiki. Na saba da wannan sauti har idan ina gida a Tudun Wada ran Asabar nakan ji shirun ya yi mini yawa.

Abu guda ta taɓa nema a wurinmu, shi ne sanyi. Tare aka sayo ta da na'urar sanyaya ɗaki, kuma takardar da ta zo da ita ta faɗa ƙarara cewa kada a raba su. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A cikinta akwai sunan kowane manominmu, da ƙauyensa, da faɗin gonarsa, da irin doyar da aka ba shi kowace shekara, da abin da ya haƙa. Amma dukiyar ba nan take ba. Tana layin ƙarshe, wanda Baba Ndatsu ya sa wa suna "ƙarin bayani". A nan yake rubuta abin da lamba ba ta iya faɗa, wani wurin da Hausa, wani wurin da Nufanci, wani wurin da Gwaranci yadda manomi ya faɗa masa, wani wurin da Turancinsa na zamanin da. A nan za ka ga cewa ƙasar gona kaza tana riƙe ruwa, kada a sake kai mata farin iri. A nan za ka ga cewa wane yakan ce ya shuka kunyar doya dubu, amma a rage ɗari uku, mutumin kirki ne sai dai yana son ƙari. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai mu tambayi Gwaggo wane iri za a kai wane ƙauye, ta faɗa, a kai, a ci riba. Baba Ndatsu ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin, idan na buɗe layin nan, ji nake kamar yana tsaye a bayana yana gyaran murya.

Ciwon ajali ya soma ne a watan Agustan bara, kuma ba a jikin marigayiya ya soma ba. Shugabanmu Alhaji Alfa ne ya je taron bita Abuja ya dawo da kalma ɗaya a bakinsa: kilawud. Ma'anarta, ka damƙa bayananka ga kwamfutocin wani babban kamfani, su ajiye maka, su tace maka, su zana maka su, kai kuma kana leƙawa ta intanet ko da daga wayarka ne. A rubuta wannan a inda ba zai goge ba: ban ƙi ba. Ni ce ma na fara rubuta takarda, tun shekara biyu kafin nan, cewa bai kamata dukiyarmu ta zauna a ɗaki ɗaya ba. Takardar tana nan, an ɗora mata tukunyar fulawa a ofishin shugaba.

Aka kafa kwamitin mutum bakwai domin a zaɓi kamfani. Biyu suka zo. Wakilin na farko daga Abuja yake, nasa ana biya wata-wata bisa yawan masu amfani, yana da zane-zane masu launi, taswirar jiha tana ƙyalli, amma sai da intanet mai ƙarfi, kuma idan ka shiga fita da wuya. Wakiliyar na biyu daga Legas take, nata ana biya ne bisa yawan tambayar da ka yi wa bayananka, yana aiki a ƙaramar waya ko sabis ya yi rauni, amma sai an tura mutum biyu kwas kafin su iya sarrafa shi. Wannan shi ne dukan bambancin. Na taƙaita shi a shafi ɗaya a makon farko. Mutum mai hankali zai karanta shi tsakanin azahar da la'asar ya yanke hukunci.

Kwamitinmu ya yi wata takwas. Zama ashirin da uku, kowanne da shayi da soyayyar kaza, ban da na watan azumi da aka mayar da kazar kayan buɗa-baki. Alhaji Alfa ya tsaya kan na Abuja, domin taswirar ta burge shi, kuma yana so baƙi su gan ta a bangon ofishinsa. Mataimakiyarsa Madam Margaret ta tsaya kan na Legas, domin Alhaji Alfa ya tsaya kan na Abuja. Sauran biyar ɗin suna bin duk wanda ya yi magana a ƙarshe. A zama ashirin da uku ɗin nan babu wanda ya taɓa zagayawa baya ya leƙa wadda ake shawara a kan kayan cikinta.

Rauni huɗu aka yi wa marigayiya. Na farko, littattafai. Bayan zama na huɗu aka ayyana ofishinmu a matsayin ofishin zamani wanda ba ya ajiye takarda. A makon da na ɗauki hutu ina jinyar mahaifiyata, aka kwashe sito domin a samu wurin dafa wa kwamiti shayi. Littattafan Baba Ndatsu arba'in da ɗaya suna ciki. Aka ce ai duk abin da ke cikinsu yana cikin Gwaggo, aka bayar da su kyauta, wanda aka ba kuma ya sayar wa masu ƙosai da masu gyaɗa a bakin tasha. Na dawo na tarar da butar shayi a inda suke. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na fito na rubuta rahoton taro.

Rauni na biyu, faifan ajiya. Muna da ƙaramin faifai da nake kwafe komai a cikinsa duk Juma'a, saboda ko-ta-kwana. A watan Oktoba ya mutu. Na rubuta takarda uku a sayo wani. A ta ukun na shiga wurin shugaba da kaina, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, idan wani abu ya sami Gwaggo ba mu da madafa." Alhaji Alfa ya yi murmushi irin na manya ya ce, "'Yata, wa ke yi wa gidan da zai tashi daga cikinsa fenti? Saura mako biyu mu koma kilawud." Wannan mako biyun shi ne ya yi wata shida.

Rauni na uku, tsaro. Wakilan nan sun yi wa kwamiti lacca kan ɓarayin bayanai, kowa na son nuna nasa ya fi tsaro, har suka tsorata dattawa. Washegari aka kafa doka cewa ba wanda zai sake kwafar komai daga Gwaggo zuwa filashi ko waya, wanda ya yi a bakin aikinsa. Don a tabbatar, aka sa Gabriel mai gyaran wutarmu ya toshe ramukan filashin da gam. Ɓarawo dai bai samu shiga ba, wannan gaskiya ne.

A nan dole in faɗi nawa laifin, domin ba a yi wa mamaci ƙarya. Kamfanonin biyu sun ba mu gwaji kyauta, suka ce in ɗora musu bayananmu. Da na gwada da layi ɗari, lambobi suka shiga lafiya, amma ƙarin bayanin Baba Ndatsu ya fito a hargitse, haruffa sun koma akwatuna da alamun tambaya. Wakilan suka ce wannan layin ba ya lissaftuwa, in cire shi, ko in mayar da shi zaɓi huɗu: ƙasa mai kyau, matsakaiciya, mara kyau, ba a sani ba. Na ƙi. Na ce ba zan ɗora rabin Gwaggo in bar rabi ba, a ba ni lokaci in gyara layin ɗaya bayan ɗaya yadda zai shiga da ransa. Layi dubu arba'in ne. Na kai dubu goma sha ɗaya, kuma gyaran duk a cikinta nake ajiye shi. Da na yarda na ɗora lambobin kawai, da yau muna da sunaye ko ba mu da hikima. Da kuma na karya doka na ɓanɓare gam ɗin nan da tsinken gashi, da yau muna da duka. Na yi taurin kai a inda ya kamata in sassauta, na yi biyayya a inda ya kamata in yi taurin kai. Wannan nawa ne, kuma da shi nake tashi kowace safiya.

Sai rauni na huɗu, wanda ya kai ta ƙasa. Duk wanda ya san Minna ya san abin da rana ke yi daga Fabrairu. A zama na goma sha bakwai zauren taro ya yi zafi har kwat ɗin wakilin Abuja ta jiƙe sharkaf, wakiliyar Legas kuwa ta riƙa fifita da takardar farashinta. Alhaji Alfa ya ji kunya, kuma a wurinmu kunyar baƙo ta fi komai nauyi. Ya tambaya ko babu na'urar sanyi a ginin nan. Aka ce akwai ɗaya, tana ɗakin da ba kowa sai kwamfuta. Ya ce mutane na shan zafi ƙarfe na shan sanyi, ina hankali a nan? A ciro ta, na mako biyu kawai.

Na tsaya a bakin ƙofa lokacin da Gabriel ya zo da tsani. Bai iya kallona ba. Ya ce, "Anti, walahi ni ba ruwana, oga ne ya ce na cire. Amma wannan daki zai dafa shi fa." Na je wurin Madam Margaret, tunda ita ba ta taɓa yarda da shugaba a kan komai ba. Ranar ta yarda. Ta ce, "Sharifa, kai ka cika damuwa. Wannan abu ya tsufa. A ba shi fanka." Aka ba ta fanka.

Na yi mata abin da na iya. Na jiƙa buhunan algarara na rataya a taga yadda manomanmu ke yi wa rumbun doya. Na riƙa sayo ƙanƙara ina zubawa a roba a gaban fankar, kafin sha biyun rana ta zama ruwan ɗumi. A makon farko "zuuuu" ɗinta ya koma "wuuuu", da ƙarfi, kamar mai hawan dutse da kaya. A cikin Maris ta daina cewa "ɗit" sau ɗaya da safe, ta koma "ɗit-ɗit-ɗit". A farkon Afrilu wani sabon sauti ya shigo daga can cikinta, "ƙas... ƙas... ƙas". Na ɗauki sautin a waya na kunna wa kwamiti a zama na ashirin da biyu. Suka saurara da ladabi, a cikin sanyinta, sannan aka rubuta a rahoto cewa wannan ya ƙara nuna muhimmancin gaggauta zaɓe. Aka ɗaga zama zuwa mako na gaba.

Ranar Alhamis aka kaɗa ƙuri'a. Ina ɗakin baya, hannuna a kan jikinta, zafinta kamar na yaron da zazzaɓi ya kama. Ta ce "ƙas... ƙas". Ta yi shiru. Ta sake cewa "ƙas", a hankali. Sai wani ɗan wari ya tashi, hasken goshinta ya mutu. A daidai lokacin na ji tafi daga zaure. Abuja ta ci, huɗu da uku.

Madam Margaret ce ta leƙo, fuskarta a murtuke saboda faɗuwar zaɓe, ta ce, "Oya, an gama. Zo ka ɗora musu kayan." Ban tashi ba. Masu gyara biyu sun duba ta, ɗaya daga cikin gari, ɗaya wakilin Abuja ne ya kawo shi da kansa, Allah ya saka masa. Bakinsu ɗaya: zafi ya cinye faifan, babu abin da zai fito. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Sabon tsarin yana nan yana aiki, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba, yana da kyau. An kafa babban allo a ofishin shugaba. Taswirar jiha tana ƙyalli. A ƙarƙashinta an rubuta yawan manoma, sifili, yawan gonaki, sifili.

Marigayiya ta rasu ta bar allon dannawa ɗaya, wanda yatsun Baba Ndatsu suka goge wa haruffa uku. Ta bar na'urar buga takarda mai fama da tari. Ta bar abokiyar zamanta ta shekara goma sha biyar, na'urar sanyi, wadda ke zauren taro cikin ƙoshin lafiya kuma har yau ba a dawo da ita ko don gaisuwa ba. Ta bar irin doya kala huɗu jibge a sito, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma babu mai rai da ya san wanne za a kai wane ƙauye. Shugaba ya ce a raba daidai wa daida. Wanda ya san doya ya san abin da hakan ke nufi, wasu gonakin za su ruɓar da abin da aka ba su, kuma masu su ba za su sani ba sai ranar haƙa. Ta bar manoma dubu uku da ɗari biyu. Ɗaya daga cikinsu, dattijo Gaiya, ya zo ran Litinin ya tsaya a tagata yadda ya saba duk shekara, ya cire hula ya ce, "Malama, tambaya mini Gwaggo, wane iri ne nawa bana?" Na ba shi kujera da ruwa.

Game da jana'iza, na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, addu'ar da na tanada in yi wa Baba Ndatsu. Na karɓi wannan. Saboda haka za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ɗakinta zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, a Keke Napep, naɗe cikin bargon da aka kawo ta da shi. Gabriel ya roƙi a bar shi ya ɗauka, an bar shi. Faifan ba zai bi ta ba, yana jakata. 'Yan kwamiti za su karɓi gaisuwa a zauren taro, inda akwai sanyi. Ni ina ɗakin baya, wanda ke son ganina ya zo da mafici.

Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar abinci. Iyalan marigayiya abu ɗaya suke roƙo. Duk wanda ya sayi ƙosai ko gyaɗa a bakin tashar Maikunkele daga watan Satumba zuwa yau, ya duba takardar da aka naɗe masa. Idan ya ga rubutun shuɗin biro mai karkata dama, kada ya yar, kada ya hura wuta da ita, ko ta jiƙe da mai ya kawo mini. Na zagaya masu suya bakwai jiya, duk sun ƙarar, sai wata baiwar Allah da ta zaro mini shafi ɗaya daga ƙasan tirenta. Shi ne duk gadon da ya rage daga littafi arba'in da ɗaya da layi dubu arba'in. Za a karanta shi a bakin ƙofa kafin a ɗaga gawa, kuma ana roƙon shugaba da mataimakiyarsa su daure su fito rana su saurara, ba zai kai minti ɗaya ba. Ga abin da Baba Ndatsu ya rubuta:

"Afrilu 2016. An ajiye iri a ɗaki mai zafi ana jiran manya su gama shawara. Duka ya ruɓe. Na faɗa musu sau uku. A rubuta, don kada a sake."